Faifan Believer da hukuncin Kawu

Da hantsin yau Yaya ya aiko mini da faifan da ya daɗe yana yi mini alkawarinsa, wato Sanity Obscure na Believer, ƙungiyar mawaƙa Kirista ta Amurka, bugun da kamfanin Metal Mind na ƙasar Poland ya sake fitarwa. A 1990 ya fara fitowa a hannun R.E.X., kamfanin waƙoƙin Kirista na Amurka, kafin Roadrunner ya karɓe shi ya kai shi kunnen masoya thrash, wato kiɗan jita da ganguna mai zafi da sauri, waɗanda ba ruwansu da coci. Ban taɓa jin sa ba sai yau, kuma tun daga buɗewarsa, da wani ɗan sauti irin na abin wasan yara wanda aka karkatar da gangan, na san ba zan taɓuka wani aiki ba kafin rana ta faɗi. Joey Daub yana sauya bugun ganga a daidai inda mutum bai zata ba, Kurt Bachman kuwa yana rera baitocin da maƙogwaro a shaƙe. Ina ta murna ni kaɗai a ɗaki, har Kawu ya ɗaga labule.

Ya tsaya da littafin waƙoƙin mawaƙan coci a hammata, ya saurara kaɗan, sannan ya ce, "Wannan hayaniyar ce kake cewa ta masu bi ce?" Na miƙa masa ɗan littafin da ke cikin kwalin, na nuna masa cewa waƙar Stop the Madness gargaɗi ce a kan shan ƙwaya, Nonpoint kuma a kan gurɓata ƙasa da ruwa. Ya mayar mini da shi bai karanta ba, ya ce maganar da kunne bai iya tsinta ba ta zama wa'azi. Na ce, "Kawu, ku ɗan dakata, ku ji guda ɗaya tak," na sa masa waƙar Dies Irae, wato ranar fushi da Latin. A nan Scott Laird ya shirya kiɗan goge irin na Turai, 'yar'uwarsa Julianne kuma ta rera kalmomin Latin na tsohuwar addu'ar mamata game da ranar shari'a da siririyar murya mai tashi sama. Kawu ya zauna a bakin gado, ya sunkuyar da kai, bai motsa ba sai da jita da ganguna suka faɗo a tsakiyar waƙar, ya miƙe ya ce, "Ka ga, sun ɓata ta."

Abin da ke ci mini rai tun ɗazu shi ne Kawu bai san kalma ko ɗaya ta Latin ba, amma ya yarda nan take cewa wancan ɓangaren ibada ne, alhali Turancin da yake ji sarai ya ƙi ko duba shi a takarda. Ke nan da kunne ya yanke hukunci, ba da abin da aka faɗa ba. A ganina shigowar gangunan ita ce waƙar, domin ranar fushin da annabi Zafaniya ya kwatanta a Littafi Mai Tsarki rana ce ta ƙaho da gangamin yaƙi, kuma ban ga dalilin da zai sa a rera ta da laushi kawai ba.

Bayan cin tuwon dare ya aiko autarmu da wayarsa, wai in saka masa farkon waƙar kaɗai, in yanke ta kafin gangunan su shigo. Na ce mata ta gaya masa cajin kwamfutata ya ƙare, sai gobe.