Laraba, ni da kibiyoyin rubutun kiɗa

Yau tun bayan asuba nake kan aikin rubuta kiɗan gogen nan da Baba ya yi mana a situdiyo ranar Asabar. Matsalar dai ita ce ta kullum, layuka biyar ɗin rubuta kiɗa da aka koya mana da shaf da filat, alamomin ɗaga sauti da sauke shi, basa ɗaukar abinda kunnena ke ji. Akwai wani sauti da yake yawan sauka a kai, in na danna E a fiyano sai naji ta ɗara shi, in na danna E filat kuma ta yi ƙasa sosai, to ina zan ajiye shi? Na auna da manhajar waya naga yana ƙasa da E kaɗan, kusa da inda 5 bisa 4 yake in an ɗauki C a matsayin tushe, wato inda tsirkiyarsa ke kaɗawa sau 5 a lokacin da ta C ke kaɗawa sau 4.

Shi fiyano ai daga do zuwa do na sama gida 12 aka yanka daidai wa daida, kowanne sent 100, duka 1200, sent ɗin awon tazarar sauti ne da Alexander Ellis ya ƙirƙiro. Amma in tsirkiya biyu suka kwanta da juna tsaf ba karkarwa, lissafin lambobi ne cikakku. 3 bisa 2 sent 702 ne, fiyano na bada 700, wannan ba mai damuwa. 5 bisa 4 kuwa 386 ne fiyano na bada 400, kuma wallahi ana ji, riƙe do da mi, wato C da E, ka daɗe zaka ji sautin na rawa. Balle 7 bisa 4 da yake 969 shi kuma fiyano 1000, nan ko wanda bai san kiɗa ba zai ce wani abu ya bambanta.

Cikin tsare-tsaren rubuta irin waɗannan sautuka, da tsarin Ben Johnston na fara, mutumin Amurka, ya yi aiki da Harry Partch, wanda ya raba daga do zuwa do na sama gida 43, ya rubuta kiɗan goge huɗu na Turawa har guda 10, ya rasu 2019. Ina ganin girmansa sosai. Shi cewa ya yi C E G da F A C da G B D duk su zauna 4:5:6 ba tare da wata alama ba, sai ya kawo + da - na ɗaga sauti ko sauke shi da 81 bisa 80, wajen sent 21 da rabi, sannan lamba 7 da ake rubutawa gaban sauti ta sauke shi da 36 bisa 35. Shafin na fitowa fes gwanin sha'awa, sautin Baba ma E kawai zan rubuta shikenan. Inda muka rabu shine D da A. A tsarinsa tsakanin D da A ba 3 bisa 2 bane, 40 bisa 27 ne, wanda baya daɗin ji ko kaɗan, dole sai ka sa - a kan D ko + a kan A, kuma kashi na biyu na kiɗan nan a kansu yake ta zagaye, duk layi sai na tsaya na tuna wanne ne na gyara wanne ne ban gyara ba, har aka kira azahar ina abu ɗaya.

Bayan na ci abinci na koma na Helmholtz-Ellis, wanda Marc Sabat da Wolfgang von Schweinitz suka tsara a farkon shekarun 2000, aka sake sabunta shi a 2020. Nan ne hankalina ya kwanta gaskiya. Haruffa in ba alama duk sarƙa ce ta 3 bisa 2, C zuwa G zuwa D zuwa A zuwa E, ba inda ta katse. E ɗin da ta fito ta wannan hanya sent 408 ce, sai ka maƙala 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikin alamar, ta sauko da 81 bisa 80 ta zama 386. Lamba 7 nada tata alamar ta 64 bisa 63, wajen sent 27, 11 ma nada tata ta 33 bisa 32. Kana ganin alama ka san daga wace lamba sautin ya fito, abinda nake so kenan. Illarsa ko do mi so, wato C E G, zaka rubuta sai ka sa kibiya, shafi ya cika, amma na yarda da wannan. Na leƙa Sagittal na George Secor da Dave Keenan shima, duk kibiyoyi ne masu kama da juna, idona bai iya raba su a takarda, na rufe.

Bayan la'asar na je wajen Baba na kunna masa abinda kwamfuta ta buga. Ya saurara shiru sannan yace, "Ɗana, ya fi na rannan kusa, amma ni ai ba dirowa nake a kansa ba, jan yatsa nake har in iso, kuma in da mai waƙa muryarsa nake bi." Nace Baba to kullum wuri ɗaya kake tsayawa? Yace wani lokaci yakan ɗan ɗara in kiɗa ya yi zafi. Ya ɗauko gogen ya gwada min a hankali, kuma haka ne, na ji da kunnena.

Wannan maganar ta tsaya min a rai har yanzu. Bazan rubuta cewa gogen Baba 5 bisa 4 yake bugawa ba, alamar dai ita ce mafi kusa da na samu. Amma barin E ɗin fiyano a wurin ya fi muni nesa ba kusa ba, don duk wanda ya ɗauki takardar nan bayan shekaru ba Baba a kusa, abinda ya gani shi zai buga ya ɗauka kiɗan kenan, abin na damuna sosai. Gobe in Allah ya kaimu zan bar kibiyoyin yadda suke, in ƙara lambar sent a saman kowane sauti yadda masu tsarin Helmholtz-Ellis ke yi, wuraren da yake jan yatsa kuma in ja layi daga inda ya taso zuwa inda ya tsaya, sannan in sake ɗaukarsa tare da mai waƙa in auna daban.