Kwalbar Ruwan Baya: Shekaruna da Sanƙarau

Ban cika shekara da gama karatun likita ba annobar sanƙarau ta 1996 ta same ni a wani babban asibiti a Arewa. Gadaje suka ƙare, aka koma shimfiɗa tabarmi a baranda, ledar ƙarin ruwa kuwa duk inda aka samu ƙusa nan ake rataye ta. Maganinmu a lokacin wata allura ce mai kauri kamar man gyaɗa, kuloramfenikol, sau ɗaya ake yin ta, a raba ta biyu a soka dama da hagu. A wannan shekara sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, ga kwalara da ƙyanda sun zo tare. Kafin nan zuciyata tana kan tiyata. Da damina ta sauka ciwon ya lafa, na riga na san cututtuka masu yaɗuwa zan karanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muke magani ba mu san sunan abokin gabarmu ba. Sanƙarau ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo shi ba. Ko ita wadda ta fi haddasa annoba a yankinmu rukuni-rukuni ce: A, C, W, X, Y. Rigakafin wannan ba ya tare wancan. Hanya ɗaya ce tabbatacciya ta ganewa: a kwantar da mara lafiya ta gefe, a naɗe shi gwiwa ta kusa taɓa haɓa, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, a tari ɗan ruwan da ke ɗigowa, wato ruwan baya. Na mai lafiya garai-garai yake. Na mai sanƙarau kan fito kamar ruwan tsari. Duk aikina na jami'a, daga littafin da na rubuta don jarrabawar ƙarshe ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma har zuwa kujerar farfesa, a kan wannan ɗan ruwa ya ginu.

Kuma ba a samunsa sai uba ko uwa sun ce to.

Wata bazara, ina tsakiyar tara samfura don wancan littafi, wani dattijo ya kawo jikansa daga ƙauye a bayan akori-kura. Yaron bai wuce shekara bakwai ba, wuya ya sanƙare, ko haske ba ya so. Na fara magani, na zaro takardar neman izini na hau karantowa. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, “Likita, ruwan nan da za ka ɗiba, don shi ne ko don kai?”

Na yi shiru. Amsar gaskiya ita ce don mu biyu ne. Na ajiye takardar na zauna a bakin gado na ce, “Baba, rabi zai nuna mana ko maganin da muka sa shi ne daidai. Rabin kuma karatu nake yi da shi, don a san irin rigakafin da za a kawo garinku. In ka ce a'a, wallahi ba abin da zai ragu a kulawar da zan ba shi.” Ya ce in ba shi lokaci ya yi sallar La'asar. Da ya dawo, shi da kansa ya riƙe mini yaron.

Tambayar tasa ba daga sama ta faɗo ba. A waccan annoba ta 1996 ne wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a Kano, gwajin da aka sa yara 200 a ciki, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Magana ta kai kotu, sai a 2009 aka sasanta. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ban ɗauki tsoron mutanenmu jahilci ba, kuma ina jin zafi in na ji likita ya kira shi haka. Tun daga ranar dattijon nan na daina karanta takardar izini a tsaye.

Kuskure mafi tsada da na yi, a kan kwalba na yi shi. Akwai ƙananan kwalabe na musamman da ake zuba ruwan baya a ciki don ƙwayar cutar ta isa ɗakin gwaje-gwaje da ranta. Na raba su ga ƙananan asibitoci, na koya wa ma'aikata yadda ake zubawa, amma ban jaddada musu abu ɗaya ba: ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi. Su kuwa sun saba duk abu mai daraja, irin su rigakafi da jini, a firji ake ajiye shi. Don kyautatawa suka jera mini kwalaben a kula, suka cika da ƙanƙara. Aka shuka ruwan a ɗakin gwaje-gwaje don ƙwayar cutar ta fito, ba abin da ya tsiro. Iyaye sun amince, yara sun sha zafin allura, aikin kaka guda ya tafi a banza. Laifina ne, don ban je da ƙafata na ga inda kwalbar ke kwana ba.

Sauran hawan tsani kamar na kowa ne: lacca da safe, zagayen marasa lafiya, asibitin masu tarin fuka da na masu cuta mai karya garkuwar jiki, rubutu kuma sai dare in an yi sa'ar wuta. Jami'a takardun da ka wallafa take ƙirgawa wajen ƙarin girma, ba ta ƙirga daren da ka kwana kan mara lafiya. Wannan matsi ne ya sa na taɓa shiga haɗin gwiwa da wasu masu bincike na waje ban yi sharaɗi ba. Muka tara samfura, aka kwashe aka gwada can, mu ko na'urar ba mu gani ba. Yanzu kafin in sa hannu sai an rubuta cewa gwajin farko a nan za a yi shi, kuma ɗalibinmu zai koya. Ba ƙin baƙi nake ba. Birayan Girinwud, likitan Ingila da ya zauna Zariya a shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka aza harsashin sanin sanƙarau a ƙasar nan, kuma zama ya yi, ba ɗiba ya yi ya tafi ba.

Na ga amfanin bincike da idona. A 2003 aka yi gwaji a Nijar da ya nuna allurar seftiriyazon guda ɗaya tana yin aikin waccan mai kaurin. A Disamba 2010 aka fara rigakafin rukunin A mai suna MenAfriVac a Burkina Faso, aka yi a Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, kowace allura ba ta kai rabin dalar Amurka ba. Rukunin A, wanda ya yi mana ɓarnar 1996, ya ɓace daga ɗakunanmu. Wasunmu har sun fara cewa an gama. Sai ga rukunin C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya afka wa Nijar a 2015, sannan a ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara, zuwa 2017 ya ci sama da mutum 1,000. Abin da ya sa aka gane sabon baƙo ne, wasu ma'aikata ba su daina ɗibar ruwan baya ba ko a shekarun da ake ganin lafiya lau. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin da ya haɗa rukunan nan biyar.

Akwai abin da na makara ban gane ba. Shekaru da yawa lissafina biyu ne: wa ya rasu, wa aka sallama. Jikan dattijon nan an sallame shi yana tafiya da ƙafarsa. Bayan wata biyu suka dawo, kakan ya ce, “Likita, jiki ya yi kyau, amma in an kira shi ba ya waigowa.” Na tsaya bayansa na tafa hannu, ko motsi bai yi ba. A fayil ɗina an rubuta ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira suna fita da wata larura: kurumta, farfaɗiya, ko nauyin fahimta. Daga nan na sa doka a sashenmu, ba a rufe fayil ɗin mai sanƙarau sai an duba jinsa.

Yanzu yawancin aikin ɗalibaina ke yi. Kowace shekara kafin hunturu ya kankama mukan zagaya ƙananan asibitocin da ke turo mana samfura. Sabon likitan da ke tare da ni shi nake sa wa ya nemi izinin iyaye, ina zaune gefe ina saurare, in ya yi sauri in ce ya sake daga farko. Kwalaben kuwa har yau da hannuna nake rubuta wa kowane kwali da jan alƙalami: Kada a sa a firji.