Abin da Vézelay ta koya mini game da gyaran tsohon gini

A cikin garuruwan da muka nazarta a darasin tarihin gine-gine, babu wanda ya sauya mini yadda nake kallon tsohon gini kamar Vézelay, wani ƙaramin gari da ke kan tudu a yankin Burgundi na ƙasar Faransa, wanda mazaunansa ba su kai 500 ba. Babban titinsa yana hawa ne tsakanin gidajen dutse har ya dire a ƙofar majami'ar Maryamu Magadaliya, wadda girmanta ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba.

Tun a ƙarni na 11 'yan zuhudun wurin suka ce ƙasusuwan Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin mabiyan Yesu Almasihu, suna hannunsu, sai masu ziyarar ibada suka yi ta tururuwa, dukiya ta shigo, aka kama gini. A 1120 gobara ta tashi a jajibirin bikinta ta hallaka jama'a masu yawa, aka sake gina babban zauren. A nan babban ɗan zuhudu Bernard na Clairvaux ya yi kiran fita Yaƙin Salibiyya na biyu a 1146, a nan kuma Richard sarkin Ingila da Philippe Auguste na Faransa suka haɗu a 1190 kafin su kama hanyar na uku. Amma a 1279 aka bayyana cewa an gano gawar tata a Saint-Maximin, can kudancin ƙasar, sai masu ziyara suka juya akala, kasuwar Vézelay ta watse. Ko dutse ɗaya bai faɗi a wannan shekara ba, duk da haka daga nan lalacewar ta soma, domin kuɗin da ake toshe yoyo da shi ya daina zuwa. Mu da muka saba da ginin ƙasa mun san ɗakin da aka daina yi wa yaɓe bai daɗewa. Na dutse ma haka yake, jinkiri kawai yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyaran. Lokacin da Prosper Mérimée, mai duba gine-ginen tarihi na gwamnati, ya isa wurin a 1834, ya tarar da bango ya tsattsage, duwatsu suna faɗowa daga rufi. A 1840 aka danƙa aikin ga mai zanen gine-gine Eugène Viollet-le-Duc, yana ɗan shekara 26, ya kuma shafe kusan shekara 20 a kansa. Ya sake ɗaura rufin da ke shirin rubzawa, ya sake gina ginshiƙan da ke tokare da bango daga waje, ya sa aka sassaƙa sababbin kawunan ginshiƙai a madadin waɗanda suka lalace. Sassaƙen da ke saman ƙofar waje, wanda aka farfasa a zamanin juyin juya halin Faransa, sabo ne fil, aikin ƙarni na 19. Sai mutum ya shiga zauren gaba ne zai ga na asali, na ƙarni na 12, inda aka zana al'ummomin duniya, har da masu manyan kunnuwa da gajerun da ke hawa doki da tsani.

Bai tsaya nan ba. Wani ɓangare na rufin zauren, wanda magina na baya suka sake ɗaurawa da salon zamaninsu, ya rushe shi ya mayar da shi salon farko don zauren ya zama bai ɗaya. A ganinsa, gyara shi ne a kai gini ga cikakkiyar siffa, ko da bai taɓa kasancewa a wannan siffar ba. A nan na rabu da shi. Ba don shi ba da majami'ar ta zama kufai, wannan babu ja. Amma maginan da ya share aikinsu su ma tarihin ginin ne, kuma bai fi su haƙƙi a kansa ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu wannan sana'a ke dogaro da ita, ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, a kuma mutunta gudummawar kowane zamani.

Sai dai Viollet-le-Duc ya yi abu ɗaya da nake koyi da shi: ya zana abin da ya tarar kafin ya taɓa, kuma da yawa daga tsofaffin sassaƙen da aka cire an adana su, suna nan a gidan tarihin da ke gefen majami'ar, inda mai nazari zai iya gwada su da waɗanda aka maye gurbinsu da su. Shi ya sa idan aka ba ni tsohon gini in rubuta rahoto a kansa, kafin in tambayi shekarar da aka aza harsashi, nakan fara neman takardun wanda ya yi masa gyara na ƙarshe, sannan in bi bangon ina raba dutsen da ya sha ruwan sama da wanda bakinsa ke da kaifi har yanzu. A Vézelay, abin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1979 ya haɗa da aikin maginan ƙarni na 12 da kuma na Viollet-le-Duc.