Alhamdulillahi, mun dawo gida da 'yar bakwaininmu

Jiya bayan la'asar muka shigo gida da ita, kwana 38 cur muna asibiti a nan Garwa. Jikina duk ciwo yake, amma barci ya ƙi zuwa sai na yi godiya.

Kun san yadda ta zo, kilo 1 da giram 300, aka wuce da ita kwalba. Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da likita ya ɗora mata na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya, a ƙirji, ƙirjin da bai kai tafin hannuna ba. Ya zana mana a bayan takardar magani: wata 'yar jijiya ce da ta haɗa manyan jijiyoyi biyu masu fita daga zuciya. Kowane ɗa yana da ita a cikin uwa, in an haife shi da cikakkun watanni sai ta rufe cikin kwana 2 ko 3. Tata ta ƙi rufewa, jini yana yi wa huhu yawa, shi ya sa take wannan haki. Ya ce za a ba ta ibuprofen sau 3, kullum sau ɗaya, in bai yi ba sai maganar aiki a kudu. Babanta ya miƙe ya fita. Na san kuka ya je yi.

Daren magani na biyu ina zaune ina kallon malamar jinya tana auna ƙunzugunta a sikeli ta ga yawan fitsarinta, don maganin yana iya taɓa ƙoda. Sai ga Bafulatanar da ɗanta ya rasu da safiyar ranar, a kwalbar da ke kusa da tamu. Ta dawo kwashe kayanta. Ta ajiye min fulas ɗin kunun gyaɗarta, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sha, ki samu nono." Ko sunanta ban sani ba. Allah Ya sa ɗanki mai ceto ne, Ya mayar miki da masu albarka.

Inna za ki yi faɗa na ambace ki, amma ke kika sayar da tumakinki biyu. Goggo ta Marwa, Baffa mai shagon kasuwa, matan layinmu masu kai abinci, Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya raya muku zuri'a. Akwai na jiki da ko waya ba su buga ba, wataƙila hidima ce ta yi musu yawa.

Eko na ƙarshe ya nuna jijiyar ta rufe. Masu zuwa barka, don Allah mai mura ko tari ya dakata tukuna, har yanzu ba ta kai kilo 2 ba.