Amfilifayar jita mai bawul da na haɗa da hannuna

Duk wanda ya ji ina haɗa amfilifaya mai bawul, irin ƙwan gilashin nan na cikin tsofaffin rediyo, sai ya ce don me, ga na taransisto nan birjik a kasuwa. Ni dai sautin ne ya ja ni. In ka murɗa ta sosai muryar jitar ba ta fashewa lokaci guda, a hankali take yin kauri tana ɗan gurnani, irin wanda kunnena ke so a kiɗan jitar mutanen Agadas. Na ɗauki zanen Champ, wata ƙaramar amfilifaya ta kamfanin Fender, samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950 don shi ya fi sauƙi, bawul uku ne kacal, 12AX7 mai ɗaga siginar jita, 6V6 mai tura sifika, sai 5Y3 mai juya wutar AC irin ta soket zuwa DC mai tafiya gefe ɗaya, abun murɗawa ɗaya na ƙarin murya, ƙarfinta wat 5. Kar ka raina wat 5 ɗin nan, har maƙwabta suna ji.

Inda kuɗi ya kamata su tafi shi ne taransifoma, guda biyu ne kuma kowacce da halinta. Ta wuta, yawancin waɗanda ake tallatawa don Champ na Amurka ne, bolt 120 a kan 60Hz, mu kuma tamu 230 ce a kan 50Hz, ko ka sa mata abun rage wuta za ta riƙa zafi fiye da ƙima. Sai na kai wa wani mai naɗin taransifoma lissafin, bolt 325-0-325 na babbar wuta, 6.3 na dumama bawul biyu, sai bolt 5 daban na 5Y3, kuma ya yi aiki mai kyau wallahi. Amma taransifoma ta biyu, mai kai sauti zuwa sifika, ban ba shi naɗinta ba. Dalili kuwa, tunda 6V6 ɗaya ce tilo, wutar DC kullum tana ratsa naɗin, dole a bar ɗan rata siriri tsakanin ƙarafan cikinta, shi kuwa ya saba saƙa su a sarƙe kamar ta wuta, in aka yi haka ƙarfen zai ƙoshi da maganaɗisu, sauti mai kauri, wato bes, ya ɓace. Ita kam odarta na yi, mai om 5,000 zuwa 8, na haɗa ta da sifikar jita mai inci 8.

Sauran tarkacen ba sai ka zubar da kuɗi ba. Za ka ga ana ta zuzuta wasu kafasita, ƙananan kayan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, masu tsadar tsiya wai su ne sirrin sauti, ni na sa na talakawa masu maikrofarad 0.022 da ke jure bolt 630 kuma kunnena bai ji abun da ya rasa ba. Abun lura shi ne manyan kafasitocin tace wuta, kar su gaza bolt 450, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa, ka saya inda ka yarda da shi. Resista, wato abun rage gudun wuta, mai om 470 ta ƙarƙashin 6V6 zafi take ɗauka, na sa mai wat 5 na ɗan ɗaga ta daga allo ta sha iska. Bawul kuwa na kamfanin JJ na saya, ƙirar Sulobakiya, har yau suna yin sababbi.

Da na kunna ta sai ga wani gunji "huuum" ko jita ban jona ba. Ba kaya ne suka lalace ba, shimfiɗar waya ce. Na murɗe wayoyin 6.3 ɗin nan biyu suka zama kamar igiya, na kwantar da su a kusurwar akwatin ƙarfen da kayan ke ciki, nesa da inda jita ke shiga, na sa resista biyu masu om 100 daga kowace waya zuwa jikin akwatin, na kuma juya taransifomomin ya zama ba su fuskanci gefe ɗaya ba. Gunjin ya ragu har sai ka kai kunne bakin sifika kafin ka ji shi.

Maganar wuta kuma ba wasa. Cikin akwatin nan akwai sama da bolt 350, kafasita kuma tana riƙe ta ko bayan ka zare filogi, shi ya sa na ɗaura resista mai om 220,000 ta riƙa sauke ta, duk da haka sai na auna da mita kafin in sa hannu, ɗaya hannun yana aljihu. Kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila mai wat 60 na bi da wutar, irin na da mai zare, wanda yanzu samunsa ma aiki ne, in akwai gajeren haɗi, wato wayoyi sun haɗe inda bai kamata ba, shi zai haska tar maimakon taransifoma ta ƙone. Kar ka taɓa kunna ta ba sifika a jone. Sannan ka duba ko soket ɗin gidanku na da wayar ƙasa ta gaske, don tsirkiyar jita a haɗe take da jikin akwatin, in ba wayar wuta na iya kama ka, gidaje da yawa ramin na uku ado ne kawai. In janareto ne kuwa ba na jona ta sai ta cikin sitabilaiza.