Kallon tsuntsaye a Zariya: inda muka kwana a mako na bakwai

'Yan uwa masu koyo, shamuwa ta iso, manoma kuma sun fara sharar gona. Jadawalin fita bai canza ba: Asabar da Laraba, a bar gida bayan sallar asuba, a isa bakin madatsar ruwan Kubanni da ke Samaru ko gindin Dutsen Kufena kafin ƙarfe 6:30. Da rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 9, tsuntsaye kan lafa a inuwa, sai a tattara. Tafiyar ƙafa zuwa da dawowa minti 75 ce, sau biyu a mako ta kai minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu na motsa jiki.

Abin da ya fi ba sabbin shiga wuya har yanzu shi ne zama. Minti 20 a wuri ɗaya, waya a kashe a aljihu, rana a bayanka don ka ga launin gashin tsuntsu sosai. Minti biyar na farko duk wurin zai yi tsit, saboda zuwanka ya kori tsuntsayen. Kada ka tashi. Kurciya ce kan fara dawowa da kuka, sai cilakowa ta sauko reshe tana leƙe, in an yi sa'a fakara ta ratsa kunyar gona da sauri. A nan ne numfashi ke daidaita, kafaɗa ta saki, lissafin kuɗin makaranta da na cefane ya ɗan ja da baya, don kunne ya samu aikin yi. Mai yawan motsi ya kan koma gida da tsuntsu uku a littafinsa, wanda ya natsu ya koma da goma. Ga mai son tafakkuri, aya ta 19 a Suratul Mulk tana magana ne kan tsuntsaye masu buɗe fikafikai da naɗewa a sama. A karanta ta ana kallon shirwa tana shawagi.

Kan madubin hangen nesa, a nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai lamba 10 ko 12 yana ruɗin mai saye a kasuwa, amma hannu na rawa kaɗan hoton zai yi ta tsalle. Masu kukan ciwon kai galibi ba su saita shi da idonsu ba ne. Rufe idon dama, juya ƙaramar tayar tsakiya har ganyen da ka zaɓa ya fito tar. Sannan rufe na hagu, ka juya zoben da ke kan gilashin ido na dama kaɗai. Zoben nan sau ɗaya ake saita shi. Kada a goge gilashi da hannun riga, ƙura na karce shi. A hure tukuna, a bi da ƙyalle mai laushi.

An samu ci gaba wajen rarrabe tsuntsayen bakin ruwa a sama. Zalɓe da balbela suna naɗe wuya in suna tashi, shamuwa kuwa miƙe nata take yi. Balbelar da kuka gani da ruwan ɗorawa a ka da ƙirji ba wata daban ba ce, adon lokacin ƙwai ne. Shirwa a duba jelarta mai rabuwa biyu.

Kuskure biyu na ta maimaituwa. Shiga ruwa da ƙafa don matsawa kusa: ruwan da ke kwance yana da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, a tsaya a tudu. Sai silifas a Kufena, wurin da maciji ke kwanciya a tsagar dutse. Takalmi rufaffe da dogon wando, kuma kada a zura hannu inda ido bai gani ba. A fita mutum biyu ko uku, a gaishe da masu gona, a faɗa musu abin da ya kawo ku. Madubin nan kada ya kalli cikin gidan mutane ko wajen barikin soja.

Aikin mako na takwas: kowa ya rubuta kukan tsuntsu biyar da ya gane ido a rufe, da lokaci da irin bishiyar da kukan ya fito.