Abin da allon kwamfuta ba zai gaya maka ba: shawara ga ƙannena masu koyon injin CNC a Legas

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, na lura yaranmu sun fara leƙa sana'o'in da a da ba ma kusantarsu. Wasu sun shiga shagunan kafintoci a Mushin, wasu wajen masu allunan talla a Shomolu, har a Agege ma akwai. A irin waɗannan shaguna ne za ka tarar da injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda kowa ke kira CNC. Yawancinsu ƙirar Sin ne, samfurin da ake kira 1325, wato teburinsa milimita 1300 ne a faɗi, 2500 a tsawo, don ya ɗauki cikakken katako mai ƙafa huɗu da takwas ba sai an raba shi ba. Wanda ya fara da share ƙura a gefen injin nan, in yana da kai, wata rana zai zauna gaban kwamfuta. Da shi nake magana.

Aikin hawa uku ne. Ka yi zane, ko mai aiki ya kawo maka nasa daga manhajar zane ta CorelDRAW. Ka shigar da zanen a manhajar CAM, ko ArtCAM ce ko Aspire ko VCarve ko Fusion 360, ka faɗa mata wane bit, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa yana yankan, za ka sa, zurfin nawa, gudun nawa, ciki za a bi ko waje. Ita kuma ta fitar maka da fayil ɗin umarni, G-code, ka zuba a falash ka soka a rimot ɗin injin. Manhajar za ta nuna maka hoton aikin ya fito tas, kamar ka ɗauka ka kai wa mai shi. To ka sani, wannan hoton bai san katakon da ke kan tebur ba. Abin da ka rubuta mata kawai ta sani. Duk asarar da na jawo a wannan sana'a, daga yarda da hoton nan ta fito.

Ɗauki kaurin katako. A kasuwa za a ce maka MDF, allon da ake matsawa daga garin katako, mai kaurin milimita 18 ne, kai ma ka rubuta 18. Sa ma'aunin kauri a jikinsa ka gani: wani bai kai ba, wani kuma, in ya kwana biyu a shago da damina, danshin Legas ya shige shi ya kumbura ya wuce. Na taɓa yanka ramukan kantocin wadirob gaba ɗaya a kan 18 cif. Da kafinta ya zo haɗawa, ko da guduma katakon ya ƙi shiga. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka auna kuwa?" Ban auna ba. Yanzu kafin na taɓa kwamfuta sai na auna katakon a wurare daban-daban, sannan na yanka ɗan rami guda a guntun da ya rage, na gwada shigarsa da hannu. Minti kaɗan ne, kuma ya fi a ce ka biya katako shida daga aljihunka.

Sai maganar sifiri na sama da ƙasa, wanda ake kira Z. Manhaja tana tambayarka: daga saman katako za a fara lissafin zurfi, ko daga kan tebur? Duk wanda ka zaɓa, dole ka saita injin a kan shi ɗin. In fayil ya ce tebur, kai kuma ka saita a saman katako, da sauƙi, bit zai yi ta yawo a iska ana yi maka dariya. Akasin haka ne mugun. Fayil ya ce saman katako, kai ka saita a tebur: tsayin da injin ke ɗauka a matsayin "na ɗaga sama, zan iya gudu" yana cikin naman katakon ne. Zai kwasa da cikakken gudu, bit ya karye nan take, in bai karye ba ya nutse ya haƙa teburin. Ni dabarar da na tsaya a kai: in yankan rabuwa ne, sifiri a tebur, don ko kaurin ya bambanta bit zai tsaya daidai ƙasa. In rubutu ne ko ado da bit mai bakin V, sifiri a sama, tunda can zurfin daga fuskar katako yake da muhimmanci. Kuma ina rubuta wanda na zaɓa a cikin sunan fayil ɗin, saboda ba kullum ni ke kunna injin ba.

Yanzu ga wanda ya fi cin kuɗina, kuma shi ne wanda sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gani. Kowa yana tsammanin tafiya a hankali ita ce taka-tsantsan. Ni ma haka na ɗauka. Ina tsoron karya bit ɗin Oga, sai na rage gudun tafiya sosai, na bar juyawar bit ɗin a ƙololuwa. Sai ga gefen katako ya yi baƙi, shago ya cika da ƙauri, bit sabo fil ya dakushe kafin a gama aiki ɗaya. Na ɗauka jabu aka sayar mana.

Bit ba jabu ba ne. Kowane haƙori nasa yana bukatar ya ciji wani abu a duk zagaye, ya ɓalle shi ya jefar. Wannan ɓarɓashin da ke fita shi ke tafiya da zafi. In ka hana shi abin cizo, sai ya koma guga, zafin ya taru a bakinsa. Lissafin ba wuya: gudun tafiya a minti, ka raba shi da juyawa a minti sau yawan haƙora, abin da ya fito shi ne kaurin cizon kowane haƙori. Bit mai milimita 6 da haƙora biyu, yana juyawa 18,000 a minti, in kana so kowane haƙori ya ɗebi 0.15 na milimita, dole injin ya yi tafiyar milimita 5,400 a minti. Ni kuwa ina tafiya a wajen 1,500, wato cizon wajen 0.04 ne kawai. Ba yanka nake ba, ƙona katakon mutane nake.

In injinku ba shi da ƙarfin jiki, yana rawa in ya yi gudu, kada ka koma wa jan ƙafa. Rage zurfin kowane zagaye, ka bi sau uku a maimakon biyu. Ko ka sauke juyawar kaɗan. Ko ka sa bit mai haƙori ɗaya, wanda a rabin gudun zai ba ka cizo iri ɗaya. Sannan ka koyi duba abin da ke fitowa. A filawud da katakon gaske, ɓarɓashi kake so ka gani, ba gari mai laushi ba. Kunne ma yana aiki: ƙara mai tsini kamar ihu yawanci guga ce, gurnani mai nauyi da girgiza kuma ka cika masa baki. In an gama, ka jira ya tsaya cak, ka kai yatsa kusa da bit ɗin. Ɗumi ba laifi. In zai ƙona ka, lissafinka ya gurgunce.

Akirilik, robar nan mai kama da gilashi da masu allunan talla ke yawan kawowa, shi ba ya ƙonewa baƙi, narkewa yake yi ya naɗe bit ya dunƙule, yankan ya sake mannewa a bayanka. Mai haƙori ɗaya ake sa masa, a tafi da sauri. Haka alminiyom.

Su kansu bit ɗin ba ɗaya ba ne ko da faɗinsu ɗaya. Mai jan ɓarɓashi sama yana share rami da kyau, amma yana tsattsage fuskar katako mai leda, irin farin da ake kabad ɗin kicin da shi. Mai danna shi ƙasa yana barin sama sumul, amma yana cusa gari a cikin rami, don haka kada ka taɓa huda rami tsaye da shi. Garin zai matse ya yi zafi, yana iya kama wuta. Akwai mai haɗa biyun, ƙasansa na ja sama, samansa na dannawa ƙasa, shi ne na katako mai leda fuska biyu. Na saye shi da tsada na yi ta zagin sa, ashe zagayen farko nake yi sama-sama, ɓangaren da ke ja sama ne kaɗai ke taɓa ledar. Sai zurfin farko ya wuce wannan ɗan ɓangaren kafin ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Bit zagayayye ne, ba zai taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba. Mai 6 zai bar lanƙwasa ta milimita 3. In wani katako zai zauna a wurin, ka sa manhaja ta ɗan cinye kusurwar, akwai wurin yin haka a cikinta.

Jerin aiki ma kada ka bar wa manhaja. Ramuka da adon ciki tukuna, yankan waje a ƙarshe, saboda da zarar abu ya rabu da uwar katako babu mai riƙe shi. Ƙananan abubuwa kuwa a bar musu 'yan gadoji siririya da za a yanke da hannu daga baya. Wani harafi da na yanka ba gada ya taɓa tsalle ya bugi bango, tazararsa da fuskar yaron da ke share ƙura ba ta kai kamu ɗaya ba. Wuraren da za ka ɗaure katako da sukuru ka zana su a cikin fayil ɗin, don ka ga hanyar yanka ba ta bi ta kansu ba. Bakin bit, da ake yi da kabayid, yana da tauri amma ba ya jure karo da ƙarfe.

Abin da nake so ka fi takwarorinka da shi: buɗe fayil ɗin G-code ka karanta layukan farko. Rubutu ne kawai, Notepad ma na buɗe shi. G21 na nufin milimita, G20 inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ga in aka samu saɓani ba ƙaramin ɓarna ba ne. G0 gudu ne ba yanka, G1 yanka a miƙe, G2 da G3 lanƙwasa, M3 kunna juyawa, M5 kashewa, M30 an gama. Wajen fitar da fayil akwai jerin sunayen injina da manhaja ke ba ka ka zaɓa, don kowane rimot da irin yaren da yake ji. Wanda ya dace da Mach3, manhajar da ke tuƙa inji daga kwamfuta, ba lallai ya dace da rimot ɗin hannu da ake kira DSP ba. Ka gano naku ka riƙe. Fayil ɗin yanka da wani ya turo maka ta WhatsApp kuwa, wanda aka yi wa wani injin da wani bit, kada ka kunna shi. Karɓi zanen, ka fitar da hanyar yankan da kanka. Zanen ma ka bincika, don masu CorelDRAW sun iya barin layi biyu a kan juna ko zobe da bai rufe ba. A gefe guda, ArtCAM ɗin da shaguna da yawa ke ji da shi, kamfanin Autodesk ya daina shi tun 2018. Koye shi tunda shi ke gabanka, amma ka fahimci dalilin kowane akwati da kake cikewa, don ranar da ka koma wata manhaja sunaye ne kawai za su canza.

Wutar Legas ba sai na gaya maka ba. Ƙofa mai ado mai tudu da kwari tana iya cin awanni da yawa, kuma NEPA ba ta san kana tsakiyar aiki ba. Da safe ka mayar da injin gidansa, wato kusurwar da yake fara lissafi, sannan bayan ka saita mafarin aikinka ka rubuta lambobin X da Y da Z, wato na faɗi da tsawo da sama-ƙasa, a takarda. In wuta ta ɗauke, da su za ka dawo daidai inda kake. Rimot da yawa suna iya ci gaba daga inda aka tsaya, amma ka gwada wannan a guntun katako tun kafin ranar bukata. Dogon aiki mai tsada gara a fara shi a janareto. Kuma duk lokacin da aka sauya wuta, leƙa bokitin ruwan da ke sanyaya motar bit ka tabbata famfon ya tashi. Na taɓa mantawa, sai da na ji jikin motar ya yi zafin da ba a iya taɓawa.

In an kira salla, kada ka bar injin yana yanka ka tafi. Dakatar da shi, ɗaga bit, kashe juyawa. Garin katako da zafi ba sa bukatar minti goma kafin wuta ta kama. Hannun riga mai faɗi da safar hannu ba su da wuri kusa da abin da ke juyawa dubu goma sha takwas. Ƙurar MDF kuma ba ƙurar katako kaɗai ba ce, akwai gam mai sinadarin fomaldihaid a ciki. Sa takunkumi na gaske, ka toshe kunne, ko da sauran suna maka kallon ɗan gayu.

Akwai aikin da yake zuwa hannunmu mu Hausawa fiye da kowa a shago: allunan masallatai da islamiyyu, da ayoyin da ake sassaƙawa a rataya a falo. Oga zai ce, "Aboki, wannan naka ne." Ka kula ƙwarai. Manhajojin CAM da yawa ba su iya rubutun Larabci ba, sai su rarraba haruffan ko su jera su daga hagu. Rubuta shi a inda yake fita daidai, ka mayar da shi zane kafin ka shigo da shi, sannan ka duba ɗige-ɗige da wasulla ba su ɓace ba, don ƙananan zobba ne masu sauƙin gogewa wajen tsabtace fayil. Buga shi a takarda ka kai wa malami ya karanta, mai aikin kuma ya sa hannu. Haka sunayen Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ, da na Yarbanci masu ɗigo a ƙarƙashi: ba kowane salon rubutu ke da su ba, wani sai ya saka maka akwati a gurbin harafin, wani ya sauya shi da na wani salon ba tare da ya sanar da kai ba. Ka faɗaɗa allon ka bi harafi ɗaya-ɗaya kafin ka fitar da fayil.